Man gyaɗar wata Hajiya a Kurna: yana da kyau, amma a yi oda da wuri

Ni mai abincin biki ce, kuma duk mai wannan sana'a ta san mai ne ke fitar da ita kunya ko ya kunyata ta. Man da nake saye a wajen wata Hajiya da ke Kurna, a nan Kano, gyaɗa ce zalla. Kina buɗe jarka ƙamshin soyayyar gyaɗa zai buge ki. Launinsa ja-ja ne kaɗan, ba garau irin na kamfani ba, kuma in ya kwana za ki ga ɗan laka a ƙasa, wanda ba aibi ba ne. A kasko yakan ɗan yi kumfa da farko, sai ki jefa albasa ya kwanta. Waina da ƙosai suna fita da ɗanɗanon da man da aka gauraya da na waken suya ba ya bayarwa. Ya fi na kasuwa tsada kaɗan, ban kuma taɓa jin haushin kuɗina ba.

Da turmi da muciya ta fara, tana matsar tunkuza da hannu a tsakar gida, yara na kai ƙuli-ƙuli talla. Yanzu tana da injin matsa da mata masu gyara da suya, yawancinsu zawarawa. Kuɗin injin daga adashe ya fito. Ta je banki, aka ce ta kawo takardar fili, ita kuwa gonar da ta gada har yau takardar na hannun yayyenta maza. Rancen TraderMoni da gwamnatin tarayya ta fara raba wa ƙananan 'yan kasuwa a 2018 naira 10,000 ne. Ku faɗa mini wane inji wannan zai saya?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne sayen gyaɗa. Ba ta shiga kasuwar Dawanau da kanta, ƙaninta take aikawa, ga ladan dillali, ga na ɗan aike. Namiji mai irin jarinta zai zauna a rumfa ya soka buhu ya ga ƙwaya da idonsa, har a ba shi bashi zuwa wata. Ita kuwa kuɗi hannu. Na taɓa tarar da wani ɗan sari ya zo ɗaukar jarkoki, yana tsaye a zaure yana cewa a kira masa maigidan su yi ciniki. Ta leƙo ta ce, "Alhaji, maigida yana wajen aikinsa, man nawa ne. Jarka nawa kake so?"

Akwai inda ta gaza. Ƙananan ma'auni a gorar ruwa take zubawa, wani lokaci murfin na yoyo, kuma ba ta da lambar NAFDAC, shi ya sa manyan kantuna ba sa karɓa. In aka ɗauke wuta aiki ya tsaya ke nan, don tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 ba ta cika tayar da janareta ba. Kuɗin ɗan sahu kuma a kanki yake.

In biki gare ki, kira ta da sati guda, ki aika da jarkarki. Ki ce a sa miki ƙuli-ƙuli mai yaji, mai sukarin ya cika tauri.