Sharhi: Tsirran ruwan da aka dasa mini a ɗan tafkin da ke ƙarƙashin mangwaro

Masu lambun furanni na bakin titi a Kano yanzu ba dashen gwaiba da lemo kaɗai suke sayarwa ba. Wasunsu suna karɓar aikin ƙawata tafkin gida: ka biya kuɗin tsirrai da na mota, su zo har ƙauye su dasa maka. Ɗaya daga cikinsu ne ya yi mini aiki a gidana da ke wani ƙauye a ƙasar Auyo, kuma tunda tsirran sun ga hunturu, sun ga bazara, sun sha damina, yanzu zan iya tofa albarkacin bakina. Hannunsa yana da kyau, kayansa lafiyayyu ne, amma zaɓin da ya yi na mai tafki a fili ne, alhali nawa a inuwa yake.

Tafkin na siminti ne, tsawonsa mita 3, faɗinsa mita 2, zurfinsa kamar santimita 60. Yana tsakanin bishiyar mangwaro da katanga, rana ba ta taɓa ruwan sai da hantsi, kafin azahar inuwa ta rufe shi ruf. Duk wannan na faɗa masa ta waya. Amsar da ya ba ni ita ce: "Alhaji, kada ka damu, ai tsiron ruwa, ruwa kawai yake so." To, ba haka zancen yake ba.

Sai dai a ba kowa haƙƙinsa. Da ya iso, tambayarsa ta farko ita ce ko simintin ya daɗe da shan ruwa, domin sabon siminti yana sakin farar ƙasa a cikin ruwa, ta ƙona saiwa ta kashe kifi. Bai zuba ƙasa a gindin tafkin ba. Kowane tsiro ya sa shi a kwandon roba mai huda, ya cika da laka mai danƙo da ya sa aka ɗebo daga fadama, sannan ya rufe saman da tsakuwa don kada lakar ta dagula ruwa. Waɗanda ba sa son zurfi ya ɗora su a kan bulo, ruwan ya tsaya daidai bakin kwandon. Da yarona ya kawo masa kashin kaji, sai ya ce a mayar gona, taki a cikin tafki gansakuka kawai yake ciyarwa. Wannan dabarar kwando ita ce abin da na fi morewa a kuɗina, domin duk tsiron da ya ƙi wuri sai ka ɗaga shi ka sauya masa, ba tare da ka tone komai ba.

Bado ne ya fi komai tsada a lissafin, wani iri mai fure ruwan hoda. Maƙwabcina da ya leƙo har da dariya: "Malam, yanzu bado ka sayo da kuɗi daga Kano? Ga shi can a fadama yara na cin 'ya'yansa!" Ba laifinsa, mu mutanen ƙasar Haɗeja bado ba baƙonmu ba ne. Namu fari ne, da dare yake buɗewa ya rufe da hantsi, shi kuwa wannan launinsa ya ja hankalina. Matsalar ita ce bado, na gida ko na saye, yana buƙatar rana kai tsaye ta kamar awa 6 a yini kafin ya yi fure yadda ya kamata. A ƙarƙashin mangwaro bai mutu ba, amma ganyensa ya ƙanƙance, sandunan suka yi ta miƙewa suna karkata wajen da haske yake, fure kuwa sai ka manta da shi sannan ka ga guda. Da na ɗaga kwandon na sa shi a rabin duro a tsakar gida inda rana ke dukansa, nan da nan ya nuna halinsa. Ashe tsiron lafiyarsa ƙalau, wurin ne bai karɓe shi ba, kuma mai sana'a ya kamata ya san haka tun kafin ya loda shi a mota.

Akwai kuma wanda na ce ko ƙasa kada a sauke shi. Wani tsiro ne mai yawo a kan ruwa, gindin ganyensa a kumbure, furensa shuɗi-shuɗi mai kyan gaske. Asalinsa daga Kudancin Amurka yake, ya shigo Najeriya ta wajen Badagry a 1984, ya toshe hanyoyin jiragen ruwa a Legas da kewaye. Mu da muka ga aikin kachalla, doguwar ciyawar nan mai toshe ruwa, ba sai an yi mana wa'azi ba. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ruwa ya daina ƙafewa da rani a rassan kogin Haɗeja, kachalla ta samu wurin zama ta cinye gonaki da wuraren kamun kifi, ta zama masaukin tsuntsayen jan-baki. Shi ma wannan tsiron, idan damina ɗaya tafkina ya tumbatsa, ruwa ya ja reshe guda zuwa kwata, daga kwata sai fadama. Ban shirya ɗaukar wannan alhakin ba. Da na yi masa bayani bai yi musu ba, ya mayar da shi mota ya cire kuɗinsa.

Waɗanda suka yi kyau a inuwar duk masu ganye ne, ba masu fure ba. Na farko wata ciyawa ce dangin aya, asalinta Madagaska, kowane kara yana ɗauke da ganyaye a kansa a baje kamar lema. Ita kam ko a jikinta, ta yi duhu ta kai ƙugu. Ya koya mini yadda ake ƙara ta: ka yanke kan da ɗan guntun kara, ka rage tsawon ganyen, ka kifa shi a ruwa, sai saiwa da sabon toho su fito daga tsakiya. Haka na cika kusurwa biyu ban ƙara ko kwabo ba. Na biyu gwaza. I, gwazar da muka sani. Tana son ƙafarta a ruwa, ba ta ƙin inuwa, kuma faffaɗan ganyenta ya fi duk abin da aka kawo daga birni cika ido. A kan bulo take, ba a nutsar da wuyanta. A dai hana yara tauna ta, ɗanyenta ƙaiƙayi ne da shi. Sai wata ciyawa marar saiwa da ke zama a ƙarƙashin ruwa, mai siraran ganye masu kaushi. Ba a ganinta sosai, amma ita ke shanye abincin da gansakuka za ta samu, ruwan ya zauna garau.

Kainuwa ban saya ba, daga kududdufi aka tsamo mini. Dashen Allah ce kamar yadda ake faɗa, kuma ta fi son irin wannan rabin inuwar a kan ranar bazara mai ƙona mata baki. Amma tana da sharaɗi biyu. Idan ka sake mata sai ta rufe ruwan baki ɗaya, na ƙasa su rasa haske, kifi ya rasa iska. Ni ba na barin ta wuce sulusin fuskar ruwan, sauran a kwashe a busar a binne a lambu, ba a watsa a kwata ba. Na biyu, akwai irin sauron da tsutsarsa ke maƙalewa a saiwarta tana shaƙar iska daga nan. Don haka dole a sa ƙananan karfasa kaɗan. Za su ɗan gutsuri saiwar, ba komai. Tarwaɗa kuwa kada a kusanto da ita, dagula laka da tumɓuke kwando ne aikinta.

Abin da mai lambun bai ambata ba sam, kuma shi ne ainihin wahalar tafkin inuwa, shi ne abin da bishiya ke zubarwa. Mangwaro yana zubar da busasshen ganye, da hunturu ya zubar da huda, daga baya ƙananan 'ya'yan da ba su kama ba su biyo. Idan suka nutse suka ruɓe sai ruwan ya yi baƙi ya fara wari, da asuba ka tarar da kifi a sama yana haki. Maganinsa tsohuwar rariya ɗaure a kan gora, a tsame kullum da safe, lokacin huda kuma a shimfiɗa raga a sama. Idan ruwan ya riga ya ɓaci, a ɗebe rubu'insa a ƙara sabo, ba a zubar duka. Sanyin hunturu yana sa gwaza ta yi yaushi, kainuwa ta ƙanƙance. Kada a yi gaggawar cire su, da zafi ya dawo suke farfaɗowa. Da bazara kuwa inuwar ce ke biyan bashinta: ruwan ba ya ƙafewa da sauri, gansakuka ba ta samun sakewa, ɗan ƙari daga rijiya da yamma ya wadatar.

Shinge kuma ba ado ba ne. Agwagi suna iya gamawa da tafki a wuni guda, awaki ba sa barin ganye, uwa uba yaro mai rarrafe, wanda ruwan da bai kai gwiwa ba ya ishe shi hatsari.

Bayan aiki yana ɗaukar waya, kuma idan na tura masa hoto ta WhatsApp yana amsawa. Kuɗin bado dai bai dawo ba. Ya ce, "Alhaji, ai ga shi yana fure a duro," ni ma ban ja ba, tunda gaskiyarsa ce. Zan sake kiransa idan aikin kwando da dashe ne, kuma zan iya tura masa wani. Amma duk wanda tafkinsa ke inuwa, ya ɗauki hoton wurin da hantsi, da azahar, da la'asar, ya tura masa kafin a yi ciniki, ya ce masu ganye yake so. Gwaza da kainuwa kuma a cire su daga lissafi tun farko, ana samunsu a ƙauye, kuɗin mota ma zai ragu.