Sikirin LCD ko AMOLED: abin dubawa kafin ka biya kuɗin waya a Kano

A Farm Centre ko titin Beirut, mai shago bayan waya zai fara nuna maka: kyamara uku, launi mai sheƙi, jiki siriri. Amma sikirin za ka yini kana kallo kana shafawa, kuma a nan ne wayoyin da kuɗinsu ya yi kusa suka fi shan bamban.

Iri biyu ne a kasuwa. LCD fitila ce guda a bayansa take haska fuskar gaba ɗaya, shi ya sa baƙinsa ke komawa toka-toka da dare. AMOLED kuwa kowane ɗigo da kansa yake haskawa, inda baƙi yake sai ya mutu kawai, don haka launi ya fi fitowa, batir kuma ya fi jimawa idan ka mayar da fuskar wayar baƙa. Tecno Spark 20, Infinix Hot 40 da Samsung Galaxy A05 duk LCD ne. Galaxy A15, Redmi Note 13 da Tecno Camon 20 AMOLED ne.

Ko a cikin LCD ɗin ma ba ɗaya ba ne. Spark 20 da A05 HD+ ne, wato ɗigo 720 a faɗi, Hot 40 kuwa 1080 ne. A bidiyo ba lallai ka lura ba. Amma buɗe manhajar Alƙur'ani ka rage girman rubutun, sai ka ga a 720 wasula da shadda suna neman cakuɗewa, a 1080 kowanne na zaune daram. Duk mai saya wa Baba ko Hajiya waya don tilawa, wannan ya fi yawan kyamara amfani nesa ba kusa ba.

Sai rana, kuma ita ce babbar jarrabawa a garin nan. A inuwar shago kowace waya kyakkyawa ce. Ka ce: "Alhaji, bari in fita da ita bakin ƙofa." Ka ƙure hasken, ka buɗe saƙo, ka ga ko za ka iya karantawa ba tare da ka kare da tafin hannu ba. Ana auna haske da nits, A15 misali tana kai 800 a rana. Kada manyan lambobin da ake tallatawa su ruɗe ka, domin sau da yawa a ɗan lungu ɗaya na sikirin aka auna su. Ga ɗan adaidaita sahu ko mai POS da ke duba alat a tsakiyar ranar Afrilu, idonsa ne alƙali.

To AMOLED ke nan kai tsaye? Ni ban ce ba. Ranar da ya fashe, canjinsa ya fi na LCD tsada sosai, kuma idan aka sa maka mai araha a madadinsa, launi zai dushe, karatun yatsa da ke ƙarƙashin gilashi, irin na Redmi Note 13 mai 4G, yana iya daina aiki. Shi ya sa nake so kafin ciniki ya faɗa ka leƙa wurin masu gyara ka tambayi kuɗin sikirin wannan samfurin. In wayarka yawan faɗuwa take, ko yara na ɗauka, LCD mai 1080 ya fi maka kwanciyar hankali. In kana da hali kuma kana riƙo da kyau, ɗauki AMOLED. Mai lanƙwasasshen gefe dai ban ba da shawara ba: gilashin kariya ba ya zama a kansa da kyau, kuma gefen ne ke fara dukan ƙasa.

Girma kuwa, inci 6.7 ba ta aikin hannu ɗaya ba ce. Riƙe ta ka ga ko babban yatsanka na kai ɗaya gefen. Masu son ƙarama sukan koma tsohuwar iPhone mai inci 6.1: iPhone 11 ta 2019 LCD ce, iPhone 12 ta 2020 OLED, wato dangin AMOLED. A shiga saitinta a duba bayanin wayar, domin tana faɗa idan an sa mata sikirin da ba ta gane ba.

Batun 90Hz da 120Hz santsin shafa ne, yana da daɗi, amma ba ya hana waya mai ƙaramin RAM, wato wurin da take riƙe manhajojin da ke buɗe, sarƙewa. Idan ka ga an rubuta RAM "8+8" a kwali, takwas na biyun aro ne daga ma'ajiya, ba ya sauri kamar na asali.

In ta hannu za ka saya, danna *#0*# a Samsung, za ta nuna ja, kore da shuɗi zalla, nan tabo ko inuwar tsohon hoto ke bayyana. A sauran, danne alamar wata manhaja ka ja ta lungu-lungu. Inda ta kuɓuce, wurin ba ya jin yatsa. Sannan ka danna *#06# ka tabbata lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, ta yi daidai da ta kwali, kuma a rubuta maka ita a rasit.