But na fata ko rembut don farautar gada? Ka sayi na fata

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tsakanin but na fata da rembut ɗin roba da ka tambaya a kai don fita farautar gada da rani, ka sayi na fata. Mai dogon wuya, kamar inci 8, wanda ya rufe idon sawu ya haura, mai igiya, kuma wanda aka ɗinke ƙasansa da zare.

Nawa gwanjo ne, a Ƙofar Wambai na saye shi shekarun baya, ruwan ƙasa, wani Bature ya riga ya ɗan taka shi har fatar ta yi laushi. Da ƙasansa ya cinye, na kai wa baduku ya sa masa taya, kuma har yau shi nake ɗaurawa. Ranar da na ƙara ganin darajarsa muna jejin kudancin Gombe ne, bayan wuta ta ci daji, sabon toho ya fara fitowa. Da asuba na tsinci sawun gada da kashinta sabo, na bi a hankali har gindin wata aduwa da 'ya'yanta suka zuba. Ƙasar wurin duk busasshen ganye ne da tsakuwa, amma saboda takalmin ya kama ƙafata cif, kuma ƙasansa yana lanƙwasawa, ina jin duk abin da zan taka kafin in sakar masa nauyina. In na ji kara a ƙarƙashi sai in ɗage in sauya wuri. Namiji ne, kansa a ƙasa yana tsintar aduwa, bai ɗago ba har na yi bisimilla. Na yanka, na saɓa shi a wuya, muka kamo hanya. Muna gangara wani kwazazzabo mai duwatsu sai na ji wannan ƙara ta kububuwa in tana goga jikinta, kamar an yayyafa ruwa a kaskon suya. Kafin in ja baya ta riga ta kawo sara. Bisa idon sawu kaɗan ta samu, na ji kamar an ɗan tsungule ni ta kan fata. Da muka fita fili na kwance takalmin na duba, ga ƙarce biyu da ɗan danshi a jikin fatar, safata kuwa ko alama babu. Abokin tafiyata takalmin taya ne a ƙafarsa, kuma taku biyu ne tsakanina da shi. Bai ƙara magana ba har muka iso gari, washegari ya tafi neman irin nawa.

Rembut kuwa ina da shi, yana rataye a rumbu, gonar shinkafa nake shiga da shi. Ruwa ba ya shigarsa, yana da araha, kuma ya kai kusan gwiwa. Iyakar alherinsa ke nan.

Abin da za ka duba shi ne irin farautar da muke yi. Farautar gada tafiya ce. Gada ba ta damu da zuwa mashaya kullum ba balle ka je ka tsare ta a bakin ruwa, danshin ganye da 'ya'yan itace yana isarta. Da safe da yamma take kiwo, in rana ta ɗaga sai ta shige sarƙaƙiya ta lafe, ba za ta motsa ba sai ka kusa taka ta, sannan ta zabura tana kwana-kwana tana nutsewa cikin ciyawa. Don haka ko dai ka bi sawu, ko ka zaga gindin kanya da aduwa da magarya, ko ku yi layi ku tayar da ita. Duk cikinsu ƙafa ce ke aiki, wuni guda, kan dutse da yashi da kututturan da wuta ta bari. A watan Maris da Afrilu zafi kan kai maki 40 a ƙasar nan. Ka sa ƙafarka cikin roba a wannan rana, kafin hantsi gumi ya taru a ciki yana caɓal-caɓal, fatar ƙafa ta yi fari ta yi laushi, dunduniya tana zamewa sama da ƙasa a kowane taku. Kafin azahar ƙafa ta yi bororo, kuma wanda ƙafarsa ke masa zugi hankalinsa ya bar kan sawu.

Sai ƙara. Bakin rembut a buɗe yake, yana bugun ƙwauri fal-fal duk inda ka ɗaga ƙafa, kuma in ciyawa ta goge shi yana da wani sauti da babu irinsa a daji. Kunnen gada kuwa kaifi gare shi. Ga ƙaya: ta ɗunɗu da ta aduwa da farar ƙaya suna huda robar kasuwa ba wuya, ɗunɗu ma tayar mota yake hudawa. Da ya huje sau ɗaya, amfanin nan nasa na hana ruwa ya tafi. Ƙarangiya da tsakuwa da tokar gobara duk ta saman suke zubowa. Sannan ba ya riƙe idon sawu ko kaɗan, in ka taka dutse ya mirgina da nama a wuyanka, targaɗe ne kai tsaye, kuma kana nesa da gida.

Na san abin da ya jawo maganar rembut a tsakanin matasanmu: bidiyon maharban Amurka a YouTube da Facebook, kowa sanye da dogon takalmin roba, ana cewa yana ɓoye warin mutum. Su a wurinsu gaskiya ne, roba ba ta riƙe wari kamar fata da yadi, kuma barewarsu mai farar wutsiya hancinta yana da kaifi. Amma dubi yadda da yawansu ke yi. Lokacin farautarsu kaka ne zuwa farkon hunturu, daga wajen Oktoba zuwa Disamba, ana sanyi har da ƙanƙara a wasu jihohi. Mutum ya sauka daga mota, ya ɗan taka kaɗan, ya hau kujerar da ya ɗaure a kan bishiya, ya zauna awanni yana jiran dabba ta biyo hanyarta. Damuwarsa kada ya bar wari a hanyar da ya bi, kuma kada yatsunsa su daskare. Takalminsu ma na musamman ne mai shafi a ciki, ba irin wanda ake jibgewa a kasuwanninmu don masu kwaɓa siminti ba. Kai da za ka wuni kana yawo a Afrilu, me ya haɗa ka da wannan?

Maganar wari a wurinmu iska ce ke warware ta. Ka ƙulla toka a ɗan ƙyalle, ka riƙa kaɗawa kana ganin inda take bi, ka sa iska a fuskarka koyaushe. Lokacin hunturu daga arewa maso gabas take busowa, amma a cikin kwari da gindin duwatsu tana juyawa, musamman da sassafe da kuma in rana ta fara zafi, saboda haka kada ka gwada sau ɗaya ka ce shi ke nan. In iska tana bayanka, ko me ka saka a ƙafa, gumin jikinka ya riga ka isa.

A kan maciji zan yi wa rembut adalci: tsawonsa kariya ne, kuma manomi a fadama ya fi kyau ya saka shi da ya shiga da silifa. Sai dai kububuwa, wadda ita ce ta fi kashe mutane a yankinmu, gajeruwa ce, yawanci ba ta wuce santimita 60 ba, kuma sarar tata ƙasa-ƙasa take kaiwa, kan ƙafa da idon sawu. But mai inci 8 da wando mai kauri da aka sako a kansa ya rufe wannan wurin. Macijiya kasa kuwa daban ce, haƙoranta dogaye ne, ba na ba kowa tabbaci a kanta da fata ko da roba, idonka ne maganinta. Kuma in tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure ƙafa tamau. Dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi, mutum zai ga kamar ya samu sauƙi, sai daga baya jini ya ɓalle ta dasashi ko ta fitsari ko ta ciki inda ba a gani. A ɗauke shi zuwa asibiti a ranar. Na cizon maciji da ke Kaltungo sananne ne, akwai kuma na Zamko a ƙasar Langtang, kuma maganin dafin maciji mai suna EchiTAB an yi shi musamman saboda macizan nan namu. Kada ka yarda da duk kwalbar da mai kemis ya miƙo maka, akwai magungunan da aka haɗa don macizan Indiya waɗanda ba sa aiki yadda ya kamata a kan kububuwarmu.

Yanzu sai masu sayarwa, don nan ne kuɗinka zai iya tafiya a banza. Babban tarkon gwanjo shi ne takalmin da ya yi kyau a ido kamar ba a taɓa sawa ba. Da yawansu tsakanin fata da roban ƙasa akwai wani soso da ake kira PU, kuma shi in ya daɗe a ajiye, danshi yana cinye shi ta ciki. Za ka biya, ka yi tafiyar sa'a guda, sai ƙasan ya ɓare ya bar ka da fata a tsakiyar jeji. 'Yan kasuwa sun san wannan sarai, shi ya sa wasu ke shafe gefen da baƙin fenti ko su liƙe da gam. Ka danna farcenka a wannan soson, ka lanƙwasa takalmin sosai, ka murɗa shi. In ka ga yana tsagewa, ko yana gari, ko yana danƙo a yatsa, ajiye. Kada tambarin Vibram, kamfanin da ke yin ƙasan takalmi, mai ruwan ɗorawa ya ruɗe ka: ana yin jabunsa, kuma ko na gaske ne, roban waje kawai yake nufi, sosan ciki zai iya zama ruɓaɓɓe. Shi ya sa na ce ka nemi mai ɗinki, wanda kana ganin zaren ya zagaye shi, don shi kowane baduku zai iya sauya masa ƙasa.

Ka leƙa cikin harshen takalmin ka karanta. In ka ga Thinsulate da lamba irin 400 ko 800, na ƙasar sanyi ne, zai dafa maka ƙafa, duk da mai kaya zai ce maka ai wannan shi ne orijina. Mai ƙarfe a baki na ma'aikatan kamfani ne, nauyi gare shi kuma ba ya lanƙwasawa. Mai yadi a gefe yana shan iska, amma ƙaya tana ratsa shi. Sannan akwai leda da ake sayarwa da sunan fata: duba bakin inda aka yanka, fata ta gaske zare-zare take kuma tana da warinta, leda kuwa za ka ga yadi a manne a bayanta. Duk wanda ya rantse maka cewa takalminsa maciji ba ya hudawa, ciniki yake nema. Kuma kada ka tura kuɗi don hoto a WhatsApp, takalmi sai an gwada.

Ka je gwaji da yamma, lokacin ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka riƙa sawa, mai kauri. Yatsunka su samu wurin motsi, dunduniya kuma ta zauna daram. Ka yi sati biyu kana zuwa gona da kasuwa da shi kafin ka kai shi daji. Man kaɗanya ya ishe shi, yana tausasa fata kuma yana kashe ƙiƙi-ƙiƙin da sabuwa ke yi. In ya jiƙe a inuwa za ka shanya, kada ka kai shi bakin wuta, fatar za ta ƙandare ta tsage. In kun kwana a daji, ka kife shi ka kakkaɓe kafin ka zura ƙafa saboda kunama.

Launi ma ka kula. Ɗauki ruwan ƙasa, ka bar baƙi mai sheƙi irin na soja, kuma kada ka haɗa da wando ko riga mai zanen kakin soja, doka ta hana farar hula sawa, kuma a shingen bincike ba za ka ji daɗi ba. Tun abin da ya faru a Uromi ta Jihar Edo a Maris 2025, inda aka kashe mafarauta 16 a hanyarsu ta komawa Kano, kowa ya ga inda zargi kan kai maharbi. Allah ya jiƙansu. Ka riƙa tafiya da takardar bindigarka da katin ƙungiyar mafarauta, ka sanar da mai unguwar wurin da za ku shiga, ku kuma nisanci Yankari da Falgore da Lame-Burra da sauran gandun da aka killace. Barewa kuwa ta yi ƙaranci ƙwarai, in ka ci sa'ar ganinta ka bar ta ta wuce, haka ma gada mai ciki ko mai ɗa.

In kuɗin na fatar bai cika ba yanzu, ka ƙara haƙuri ka tara, ya fi ka raba kuɗin biyu. Rembut kuma ka bari sai damina, in za ka shiga fadama ko gonar shinkafa, lokacin ka sayi mai kauri ka ɗauki lamba ɗaya sama da taka saboda safa.