Kayan kiwon kifin rami da ake haɗawa a Jidda: yashin ne matsalar

Akwai shagon kayan kifi a Jidda da ke haɗa wa mutum tankin gilashi da yashi da famfo da sikima (na'urar da ke tsame datti daga ruwan ta hanyar kumfa) a dunƙule, don kiwon Heteroconger hassi, siririn kifin nan mai siffar maciji da ɗigo-ɗigo baƙaƙe, wanda ke tsaye cikin yashi yana rangaji da sashen jikinsa a waje. Bayan aiki da kayan, gilashin da sikimar ba su da laifi. Yashin kuwa bai kai rabin abin da kifin ke buƙata ba.

Kifin yana kai santimita 40. Da wutsiya yake tona rami, ya shiga da baya, ya shafe bangon da yauƙin jikinsa don kada ya rufta. Don haka zurfin yashi kada ya gaza santimita 20, 25 ma ya fi. Buhunan da shagon ke bayarwa, in an baza su a tanki mai tsawon santimita 120 da faɗin 60, da ƙyar suke kai 10. Zurfin 25 a wannan tankin lita 180 ce ta yashi, wajen kilo 250 ke nan, ban da ruwa da duwatsu, sai a duba ƙarfin teburin tun kafin a cika. A ƙaramin yashi wutsiyar kifin na gugar gilashi, ta yi rauni, ya riƙa barin ramin yana yawo, daga nan sai ƙin abinci.

Irin yashin ma abin lura ne. Aragonait, wato yashin teku mai sinadarin alli, mai ƙwaya tsakanin rabin milimita da milimita 2 shi ne daidai. Dakakken murjani mai kaifi yana yanke fata, mai laushi kamar gari kuma famfo na kwashe shi. Duwatsu a kafa su a kan gilashin ƙasa kafin zuba yashi, in ba haka ba tonon kifin zai zame su. Kada kuma a gauraya yashi mai zurfi bayan ya daɗe, domin ƙasansa babu iskar shaƙa, gas mai warin ruɓaɓɓen ƙwai na taruwa, kuma guba ne.

Famfon ya yi mini, saboda ana rage ƙarfinsa. Wannan kifi ba ya fita farauta, abin da ruwa ya kawo gabansa yake cafkewa. A saita famfon ruwan ya riƙa wucewa a hankali ta saman ramukan, a zuba artemiya ko ƙananan maisis (dukansu mitsi-mitsin jatan lande ne) ko ƙwan kifi daga inda ruwan ke tasowa, kaɗan-kaɗan, sau uku zuwa huɗu a rana. Mai zubawa ya ja da baya, don ko inuwa kifayen suka gani sai su nutse cikin ramukansu. Kifaye masu zafin ci kuwa za su wawashe abincin kafin ya iso, kada a haɗa su.

Abin da ya fi ba ni mamaki, babu na'urar sanyaya ruwa a cikin kayan, a garin da kowa ya san zafinsa. Ruwan na son digiri 24 zuwa 26, AC ɗin ɗaki kuma ba abin dogaro ba ne in an fita aiki an kashe. Murfin ma yana da giɓi wajen wayoyi, kuma sabon kifin da bai kafa rami ba yakan sulale ta nan da dare. A toshe da soso.

Masu ɗebo ruwa a bakin Kornish, wato gaɓar tekun Jidda, su sani gishirin Bahar Maliya ya kai wajen giram 40 a lita, kifin da aka shigo da shi daga waje kuma a kan 35 ya saba. A haɗa gishirin buhu na tankin kifin teku da tataccen ruwa, a auna ya tsaya 1.025 a ma'aunin nauyin ruwan gishiri.