Auta, yayanka ya faɗa fadamar gilashi a Tokyo

Assalamu alaikum Auta. Ya shago, ya jama'a? Ina fata Inna tana lafiya, da su Yaya Babba da yaran duka. Saƙonka na murya ya iso tun daren Laraba. A cikin jirgin ƙasa na saurare shi, na tuntsire da dariya har wata tsohuwa ta ɗago ta dube ni, don a nan ko waya ba a amsawa a jirgi, balle ƙyaƙyatawa. Wai tunda ina garin da ake ƙera su, ai gilashin kyamara a wurinmu kamar gyaɗa ne a Dawanau, in tsinto maka farin nan mai dogon wuya kafin Sallah. To gyara zama, amsar ta fi ƙarfin saƙon murya.

Ta wani gefen kana da gaskiya. Canon, Nikon, Sony, Fujifilm, Sigma, Tamron, duk 'yan ƙasar nan ne, wato Japan. Hedikwatar Tamron ma a Saitama take, jihar da nake aiki. Hatta Yashica ɗin Baba, Allah ya jiƙansa, wadda ya ciyar da mu da ita shekara da shekaru, daga nan ta fito, kodayake Kyocera da suka saye kamfanin sun daina ƙera kyamara tun 2005. Amma araha kam babu ita. Sabon gilashi 70-200 mai f/2.8 ɗin da ka turo mini hotonsa (70-200 nisan zuƙowarsa ne, lambar f kuwa faɗin buɗewarsa ce, iya ƙanƙantarta iya hasken da yake sha) ya haura yen 300,000 a kuɗin nan. Mafi ƙarancin ladan aiki a yankin nan ya ɗan wuce yen 1,000 a awa ɗaya, sai ka buga lissafi: wajen awa 300 ke nan ina tsaye a yadi cikin sanyi ina kwance injin mota ana lodawa a kwantena. A cikin kuɗin akwai harajin saye kashi 10 cikin ɗari. Baƙo ɗan yawon buɗe ido in ya nuna fasfo ana yafe masa, mu masu katin zama kuwa sai mun biya.

Abin da ya fi gida nesa ba kusa ba shi ne kayan hannu. Ka tuna ranar da muka je sayen 50mm ɗinka? Dillali ya kai mu wajen wani, wanin ya aika yaro ya ɗauko daga shagon wani, aka rantse mana daga Landan ya zo kuma wata baturiya ce ta yi amfani da shi sau biyu. Muka gwada a bakin ƙofa, muka yi tayi aka ce albarka, muka yi kamar za mu tafi aka kira mu, muka biya la'ada, aka ce in kaya ya fita ya fita. Wuni guda cur. To a yammacin tashar Shinjuku da ke Tokyo akwai layuka da shagunan kyamara suke jere, wasu bene hawa-hawa, kowane hawa da kamfaninsa. Akwai wasu a Nakano, 'yan mintoci kaɗan a jirgi. Kowane gilashi yana cikin kabad na madubi da 'yar takarda a gabansa mai ɗauke da daraja: wanda suke kira bihin, wato tsaf, da ƙyar ka ga alamar an yi amfani da shi, sai ryohin, mai kyau da ɗan alamar hannu, sai namihin, wanda ya sha aiki amma yana yi. Can ƙasa kuma akwai kwandon waɗanda suka lalace, an rubuta ƙarara cewa lalatattu ne, in ka ɗauka kai ka so.

Ranar farko da na nuna wani gilashi, ma'aikacin ya ɗora shi a kan ƙyalle, ya kunna 'yar tocila ya haska cikinsa, ya nuna mini ƙwayar ƙura guda biyu da ni ban gani ba, ya ce saboda su aka rage kuɗin. Auta, mai kaya da kansa yake tona aibin kayansa. Na tsaya ina jiran inda wayon yake, har na fito ban same shi ba. Babu tayi, babu albarka, abin da aka rubuta shi za ka biya, a ba ka rasit da garanti na 'yan watanni a kan kayan hannu. In ta intanet ka saya, kai za ka zaɓi sa'ar da za a kawo maka gobe, kuma a cikin sa'ar za ka ji an danna ƙararrawa.

Wannan sauƙin ne ya kayar da ni.

Masu hoto a nan suna da suna ga ciwon da ya kama ni, renzu numa, wato fadamar gilashi: ka sa ƙafa ɗaya don ka ji zurfinta, sai taɓo ya riƙe, kana ƙoƙarin zarewa ɗayar ma ta nutse. Har ƙofar shiga fadamar sun raɗa wa suna. Ƙaramin 50mm f/1.8 ɗin nan mai araha, irin naka, suna ce masa makie, abincin da masunci yake watsawa a ruwa don kifi ya taru. Mu da tsaba za mu ce, wadda ake watsa wa kaza ranar da za a yi baƙi. Kamfani ya sayar maka da shi ƙasa da yen 30,000, ka ɗauki hoto ka ga mutum ya fito tar, bayansa ya narke kamar man shanu, shi ke nan ka ɗanɗana. Wannan narkewar bayan hoto da kuke kira boke a shago, kalmar ma daga harshensu ta fito. Daga nan sai zuciya ta fara raɗa maka: in f/1.8 ya yi haka, ina ga f/1.4? Ina ga f/1.2?

Sama da nan akwai abin da suke kira daisangen, sunan da suka aro daga wata caca tasu ta mahjong: gilasai uku masu zuƙowa, duka f/2.8, mai faɗi ɗaya, 24-70 a tsakiya, sai 70-200. Wanda ya haɗa ukun a wurinsu ya cika mai hoto. Na haɗa su a cikin shekara biyu. Na ɗauka a nan zan tsaya, ashe bakin fadamar nake. Sai aka ce ai masu zuƙowa ba su kai tsayayyu, waɗanda ba sa zuƙowa, kaifi ba, na shiga 35 da 85 da 135. Dare ya yi, maimakon in kwanta don aikin safe, ina kwance da waya ina kallon wani ya ɗauki hoton bangon bulo da gilashi biyu yana ƙara girman kusurwa yana kwatantawa. Wallahi ban taɓa ganin amaryar da ta ƙara girman kusurwar hotonta ta ce a mayar mata da kuɗinta ba, amma haka nan zan kai ƙarfe biyu.

Shagunan kuma sun share maka hanya tas. Manyan, in ka saya suna zuba maka maki a kati, sau da yawa kashi 10 na kuɗin. Makin ba ya komawa aljihu, sai dai ka sake saye da shi, ga shi kaɗai bai isa sayen komai ba sai ka cika. In kana da tsohon gilashi ka kawo su karɓa su cire daga kuɗin sabo, a ranar, ba jayayya, sai ka fito kana jin kamar riba ka ci alhali ka bar kashi mai tsoka a wurin. Abin da ya ƙarasa ni shi ne biya kaɗan-kaɗan. Ka san ni da gudun kuɗin ruwa, shi ne katangar da ta tsare ni wata da watanni. Ranar da na ga an rubuta a wani shago cewa za a raba maka biya wata-wata ba tare da ƙarin ko yen ɗaya ba, katangar ta faɗi. A gida, wahalar nemo kaya, da tsoron jabu, da kunyar dillali, da rashin kuɗi a dunƙule, su suke riƙe wa mutum hannu ba tare da ya sani ba. A nan babu mai riƙe ka, sai ma a rusuna maka a raka ka bakin ƙofa.

Bari in faɗa maka abin da ban taɓa faɗa ba. Azumin bara da na ce maka an riƙe mana kuɗin ƙarin lokaci shi ya sa na turo rabin abin da na saba, ba wanda ya riƙe komai. Albashi a nan ba ya latti ko da kwana ɗaya. 85mm f/1.4 ne ya cinye kuɗin kayan Sallar yaran Yaya Babba. Ni zan gaya wa Inna da bakina, kada ka riga ni.

Su gilasan ma sai da na yi musu ɗaki. Damina a nan, Yuni zuwa Yuli, iska jiƙe take sharkaf, funfuna tana shiga cikin gilashi ta yi saƙa kamar ta gizo-gizo ta ci rufin da ke kansa. Don haka kowa yana da wani ɗan kabad mai kama da firij, yana riƙe danshi tsakanin kashi 40 da 50. Na saya. Ɗakina bai kai rabin shagonmu ba, in na shimfiɗa sallaya sai na ture takalmi, amma ga kabad yana haske a kusurwa da gilashi bakwai a ciki kamar 'yan gata.

To me nake ɗauka da su? Nan ne abin kunyar. Na duba katin kyamarata jiya: hankaka a kan falwaya, kyanwar maƙwabta, kwanon taliya, furen sakura na lambun Ueno da kowa ya ɗauka, sai hasumiyar masallacin Turkawa da ke Yoyogi-Uehara daga kusurwa goma sha. Mutane fa? Ba a nuna wa mutum kyamara haka kawai a ƙasar nan. Wayar da aka saya a nan ma ba ta yarda ka kashe ƙarar ɗaukar hoto, don kada a ɗauki wani a ɓoye. Shi ya sa za ka ga dattawa da kayan miliyoyi sun jeru a ƙarshen dandamalin tasha suna jiran jirgin ƙasa ya wuce su ɗauka. Toritetsu ake ce musu. Wasu kuma tsuntsaye. Na taɓa ganin wani gilashin Nikon da ake kira Noct, 58mm f/0.95, nauyinsa wajen kilo 2, kuɗinsa ya haura yen miliyan ɗaya, kuma da hannu ake saita shi. Na tsaya a gabansa kusan rabin awa ina tunanin abin da zan sayar. Kyamarar Nikon ma ba ni da ita.

Kai kuwa da gilashi ɗaya da ya sha ƙurar hunturu, kowane ƙarshen mako kana da kamu, kana da wuni, kana da suna. Kana shiga gida ana "mai hoto, nan, nan", tsohuwa ta gyara ɗaurin kallabi, yara su yi cirko-cirko. Hoton da ka turo mini na ɗan dogarin nan a Ƙofar Kudu, rana ta bugi jan rawaninsa, a cikin dubban da na ɗauka a nan babu kamarsa. Ka kuma riƙe mai gyaran nan namu da kyau. A nan in abu ya lalace sai a karɓa a aika, a turo maka kiyasi, ka jira makonni, in kuma ya tsufa a ba ka haƙuri cikin ladabi a ce an daina ajiye kayan gyaransa. Namu kuwa a gabanka zai warware shi a kan jarida ya ciro ƙaramin ƙarfe daga gawar wani ya sa, ka tafi biki da yamma.

Yanzu batun saƙonka. Wanda ka turo hotonsa ba zai hau kyamararka ba. Na sabon baki ne, wato mahaɗin gilashi da kyamara, RF, wanda Canon suka fito da shi a 2018 don kyamarori marasa madubi. Taka mai tsohon baki ce, EF, irin wanda suke yi tun 1987. Tsohon gilashi yana hawa sabuwar kyamara in an sa masa zobe a tsakani, sabo kuwa ba ya hawa tsohuwa ko an yi me. Kada wani ya ruɗe ka a kasuwa. Daɗin abin shi ne jama'a a nan suna ta komawa sabon bakin suna zubar da tsoffin, don haka EF na hannu ya yi yawa kuma ya sauko.

Nawa 70-200 ɗin EF ne, ryohin na saye shi, da zobe nake amfani da shi, kuma bai fita daga kabad ba tun bazara. Shi zan ba wani abokin aikinmu da zai zo gida kafin Sallah, tare da fitilar filasha da batura biyu, don a zauren dina da dare sun fi yi maka amfani a kan kowane f/1.2. Nauyinsa wajen kilo ɗaya da rabi ne, ka riƙa tallafe shi ta ƙasa, kada ka bar shi yana reto a jikin kyamara. Kada ka canza gilashi a fili ranar hawa, ƙurar dawaki za ta cika maka ciki. Ka shiga mota ko wani zaure. Da bakin riga kuma kada ka goge shi, na san halinka, na sa ƙyallensa da 'yar roba mai hura iska a cikin jakar. In Allah ya kai mu Hawan Daushe ka ɗauko mini 'yan lifida daga nesa, in ga abin da yake yi a ranar Kano.

Sauran, uku zan kai Shinjuku ranar Asabar in sayar, in turo wa Yaya Babba haƙƙinta. Matsalar ita ce wurin karɓar tsoho da wurin sayar da sabo gini ɗaya ne, kuma in ka ce musanya za ka yi suna ƙara maka wani abu a kai. Mun riga ku da awa 8. Don Allah in ka idar da sallar asuba ka jira ƙarfe shida ta buga ka kira ni, nan biyu na rana ke nan, ina cikin shagon. In ban ɗauka ba ka sake kira.

Ka gaishe da Inna da kyau.

Yayanka, daga Saitama.