Wane takalmi za ka saya wa yara kafin ku bi hanyar bakin rafi?

Duk bazara, idan zafin Bronx ya ishe mu, mukan loda yara a mota mu nufi garin Ithaca da ke tsakiyar jihar New York, tafiyar awa huɗu zuwa biyar. Wurin da muka fi zuwa shi ne gandun shaƙatawa na jiha da ake kira Buttermilk Falls. Hanyarsa zagaye ce: ka hau ta cikin kwazazzabo kana bin gefen rafi, ka sauko ta bakin tudu cikin itatuwa, duka bai wuce mil ɗaya da rabi ba. Yaro ɗan shekara shida zai iya gama ta. Amma matakalar dutse ce da aka gina tun shekarun 1930, feshin ruwa na jiƙa ta, gansakuka ta kwanta a wasu wuraren. Abin da ke ƙafar yaro shi zai raba tsakanin yini mai daɗi da goyon mai kuka har mota.

Silifas kada ma a kawo zancensa. Da shi autata ta yi tuntuɓe shekarar farko, farcen babban yatsanta ya ɗaye, jini ya ɓata mata safar da muka ɗaure wurin da ita. Takalmin robar nan mai huji-huji da yara ke so shi ma na tsakar gida ne, ƙafa na yawo a cikinsa da zarar ya jiƙe. Kambas ɗin makaranta ba laifi idan hanya busasshiya ce, kamar ta Taughannock Falls da ke kusa, wadda shimfiɗaɗɗiya ce har gindin ruwan da ke faɗowa daga tsayin ƙafa 215. Sai dai da kambas ɗin ya sha ruwa sau ɗaya, ya zama kamar an ɗaura wa yaro bulo.

Takalmin but mai rufin Gore-Tex, yadin nan mai hana ruwa shiga, fa? Ga babba da zai yi doguwar tafiya lokacin kaka, yana da amfani. Ga yaro asarar kuɗi ce. Rufin yana hana ruwa shiga ta gefe, amma yaro ta sama yake cika shi, kuma abin da ya hana ruwa shiga shi ke hana shi fita.

Ni dai zaɓina sandal mai rufaffen baki, irin Newport na kamfanin Keen, wanda ya fito tun 2003. Gabansa an lulluɓe shi da roba mai kauri, yatsu na ɓoye, ko yaro ya shuri dutse sai dai ka ji ƙara. Gefensa a buɗe yake, ruwa ya shiga ya fice, kafin ku gama cin guzuri ya sha iska. Ƙasansa na da ƙananan tsaga da ke kama jiƙaƙƙen dutse. Ba a ɗaure igiya, ja ɗaya ake yi ta matse, wanda duk ya taɓa durƙusawa a tsakiyar matakala mutane na jira a bayansa ya san darajar wannan. Ana jefa shi a injin wanki. Aibinsa biyu: tsakuwa na shiga, kuma idan aka bar shi a jiƙe cikin but ɗin mota zai yi wari. Idan za ku ratsa ciyawa a haɗa da doguwar safa saboda kaska, don yankin na da cutar Lyme da kaska ke yaɗawa. A auna takalmin da yamma, a bar faɗin babban yatsan hannu a gaba.

Yanzu ga inda nake so a saurare ni da kyau. Jabun wannan sandal ɗin ya yi yawa. Na manya na gaske ya haura dala 100. Bara na ga talla a wani shafin sada zumunta, wai ana karyar da kaya, dala 25. Maman yara ta ce, "Baban Hafsa, arha fa ba ta ado." Ban ji ba, na sayi ƙafa uku. Bayan sati biyar suka iso cikin leda, ba kwali, warin gam na tashi. Na danna ƙasan da farce, tauri kamar bokitin roba. A hawa na farko bakin na babban yarona ya buɗe, muka naɗe shi da igiyar jaka ya ƙarasa yana jan ƙafa. Da na koma neman haƙƙina, shafin masu sayarwar ya ɓace.

Saboda haka a duba adireshin shafi harafi bayan harafi, masu damfara kan ƙara wa sunan kamfani wata kalma. Shafin da kowace lamba da kowane launi akwai, kuma duka farashi ɗaya, a guje shi. Wanda ba shi da lambar waya ko ƙa'idar mayar da kaya, a guje shi. A biya da katin bashi, shi ya fi sauƙin ƙalubalantar cirar kuɗi a kansa. Idan kaya sun iso a lanƙwasa takalmin, a ja maɗaurin da ƙarfi, a duba ko ɗinki ne ko gam kawai. In kuɗi ne bai kai ba, gwanjon na gaske ya fi sabon jabu, ga shi takalmi kan yi wa yara kaɗan kafin ya tsufa. Na Hafsa na bana a shagon gwanjo na same shi, kuma ƙanwarta za ta gada baɗi.