Raspberry Pi 4 a zafin Makka: sharhi bayan amfani

Raspberry Pi 4 kwamfuta ce da girmanta bai wuce na katin banki ba, an ƙirƙiro ta a Cambridge ta Ingila, ta kuma shiga kasuwa a watan Yunin 2019 a kan farashin da ya fara daga dala 35. Na sayi mai ƙwaƙwalwar gigabait 4 domin in koyi sarrafa Linux, wato wata babbar manhajar tafiyar da kwamfuta, ta hanyar rubuta umarni, kuma ta wannan fuska ta biya mini buƙata. Sai dai ya kamata mai saye ya san cewa tsurar allon da ke ɗauke da sassan kwamfutar kawai ake miƙa masa. Caja mai bakin USB-C wadda ke ba da amfiya 3, da katin microSD, da gidan da za a saka ta, kowanne da kuɗinsa, idan kuwa aka haɗa lissafin a riyal, arahar da ake yaba mata tana raguwa ƙwarai.

Ban taɓa jona ta da talabijin ba. Manhajar Raspberry Pi Imager tana ba mutum damar saka sunansa da kalmar sirri da bayanan Wi-Fi tun lokacin da yake ɗora Raspberry Pi OS, wato Linux ɗin da aka yi mata, a kan katin, saboda haka daga kunnawar farko da `ssh`, hanyar aika wa kwamfuta umarni daga nesa, nake shiga ta daga wayata, ita kuwa tana ajiye a kan kabad kusa da na'urar intanet. Tsarin nata a kan Debian, wani sanannen nau'in Linux, aka gina shi, don haka duk abin da mutum ya koya a nan na `apt` (umarnin girka manhajoji) da `systemctl` (na kunna ayyuka da kashe su) zai yi masa amfani a manyan kwamfutocin ma'aikatu.

Aikin da ta fi yi mini shi ne tsare takardun gida. Kowane dare `cron`, mai tayar da ayyuka a kan lokaci, yana tayar da `rsync`, manhajar kwafar fayiloli, ya kwashe hotunan iyali da kwafin iƙama (takardar izinin zama) da fasfo zuwa wani faifai na daban, ba ya kuma sake ɗaukar abin da bai canza ba. Na kuma rubuta ɗan shiri da harshen kwamfuta na Python wanda ke fitar da lokutan salla bisa lissafin Ummul Ƙura, inda Isha'i ke zuwa minti 90 bayan Magariba, a watan Ramadan kuma minti 120. A nan ne aibinta na farko ke fitowa: ba ta da agogo mai batir, daga intanet take karɓar lokaci, idan kuwa ta tashi babu intanet, agogonta yana tsayawa a baya, duk aikin da aka ɗaura wa lokaci ya rikice. Raspberry Pi 5 ta 2023 ta zo da agogon. Dole kuma a saita ta a kan lokacin Saudiyya da `timedatectl set-timezone Asia/Riyadh`, musamman ga mai kwafo umarni daga abokai a Kano, tunda awa biyu ce tsakaninmu.

Zafi shi ne babbar matsala a garin da rani ke haura digiri 40. Idan ƙwaƙwalwar sarrafawarta ta kai digiri 80, da kanta take rage gudu. Da rana, idan an kashe na'urar sanyaya ɗaki an fita, nakan buga `vcgencmd measure_temp`, umarnin auna zafinta, in ga lambar tana dosar wannan iyaka alhali ba wani aiki mai nauyi take yi ba. Gidan alminiyam mai ƙaramar fanka ne ya kawo sauƙi, kodayake cikin dare ana jin ƙararta.

Katin ajiya mai araha da na fara sakawa, wanda ko sunan kirki babu a jikinsa, bai jure yawan rubutu ba, ya lalace. Na koma faifan SSD ta kafar USB 3, wanda Pi 4 ke iya tashi daga gare shi kai tsaye, kuma bambancin gudun a bayyane yake. Ɗalibi a Madina da ke son ta maye masa gurbin kwamfutar tafi-da-gidanka wajen buɗe shafuka da yawa da kallon darussan bidiyo zai ga nawarta, domin ba don wannan aikin ta fi dacewa ba.